Turmin Matar Dokta

A duk masu maganin gargajiya da ke layin bayan kasuwa, mutum ɗaya ne zai iya bugun ƙirji ya ce bai taɓa ba mai taɓin hankali magani an dawo masa da ƙorafi ba. Shi ne wanda ake kira Dokta. Kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya a wannan magana ba. Waɗansu an mayar da su ƙauye an kulle a ɗaki, waɗansu sun bi titi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, saura kuwa danginsu sun gaji sun bar wa Allah. Babu dai wanda ya dawo.

Matarsa ce take daka maganin. Uwarta dakau ta yi har ta mutu, ita ma da taɓarya a hannu ta yi wayo, don haka da aka ce ga mai magani yana neman aurenta, dangi suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. A lokacin ba shi da shago, ba shi da suna. Tabarma yake shimfiɗawa a bakin tasha yana sayar da maganin basir da na shawara. Sunan Dokta ya samo asali ne daga wata farar riga da ya saya a gwanjo, mai aljihu a ƙirji, wadda yake soka biro uku a cikinsa ko da yake ba ya rubuta komai. Daga nan ita ma ta rasa nata sunan, ta zama Matar Dokta. Ba ta taɓa amsa shi da daɗin rai ba.

Ba wai ta raina itatuwa ba ne. Ta san sassaƙen da ke kwantar da ciki, ta san ganyen da ke saukar da zazzaɓi, ita kanta idan ƙirjinta ya riƙe jiƙo take sha, kuma yana yi mata. Shekarun da ta yi tana daka su sun ba ta kafaɗu irin na 'yan dako da tafin hannu mai kaushi kamar bayan kada. Ka'idar aikin gidan ita ce Dokta ya kawo saiwa da sassaƙe, ita ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta ƙulla a ƙananan takardu, kowane ƙunshi shan rana ɗaya. Shi ya ɗauka ya tafi shago ya yi bayani. Bayani kuwa Allah ya hore masa. Ita tana ganin kowane turmi da iyakar abin da zai iya. Shi bai taɓa jin labarin wannan iyaka ba.

'Ya'yansu mata duk sun yi aure, sai Auta, namijin guda. Gyaran rediyo da waya yake yi, mutum ne mai sanyin hali da ba ya iya tsawata wa kaza. Yana cikin samartakarsa abin ya same shi. Barci ya fara ɗaukewa. Sai ya koma buɗe rediyon da lafiyarsa ƙalau yana neman wanda ke magana a kansa a ciki. Wata rana ya tattara wayoyin mutane ya jiƙa su a bokiti, ya ce ya gaji da gulmarsu.

Dokta ya duba ya ce aikin abokan sana'a ne, sun kasa shi sun koma kan ɗansa. Aka shiga hayaƙi, aka shiga jiƙo, aka shiga shaƙe har hancin yaron ya yi jini. Da abin ya ƙi, Dokta ya sayo sarƙa da kwaɗo ya ɗaure shi a jikin ginshiƙin ɗakin baya, inda ake ajiye buhunan sassaƙe. Ya ce magani ba ya kama mai yawo. Matar Dokta ce take shiga da ruwan ɗumi da gishiri tana wanke inda ƙarfen ya ci idon sawunsa, shi kuwa yana kallonta kamar bai taɓa shan nononta ba. A wannan ɗaki ne fushi ya shige ta, ya samu wuri ya zauna, bai sake fita ba.

Da Dokta ya tafi daji neman wata saiwa da ya ce ita ce ƙarshen magana, ta aika wa ƙaninta, direban motar haya. Ya zo da zarto, ya yanke sarƙar, da ya ga ƙafar ya ce, "Yaya, ko jaki aka yi wa haka sai an kai mai shi ƙara." Suka kai Auta asibiti. Likitar wata mace ce mai gilashi wadda layin da ke ƙofarta ya hana ta koyon murmushi. Ta duba ƙafar, ta duba uwar, ta tambayi wane ne ya yi wannan. Matar Dokta ta ce ciwo ne. Aka kwantar da shi na ɗan lokaci, aka sallame shi da ƙwayoyi. Ya dawo gida ya yi barci irin na jariri, ya tashi ya ce yana jin yunwa.

Dokta ya dawo da saiwarsa ya tarar da ɗansa zaune a tsakar gida yana gyara fitila. Ya yi hamdala, ya ce dama ya san hayaƙin nan a hankali yake aiki. Sai idonsa ya faɗa kan ƙwayoyin. Ya juye su a kwata, ya bi su da ruwa, ya rantse cewa duk ranar da ƙwayar asibiti ta sake shigowa gidansa, to a bakin aurenta. Sannan ya zaunar da Auta ya yi masa bayani, cewa ƙwayar nan busar da ƙwaƙwalwa take yi, ta mayar da mutum gunki mai dalalar da miyau. Auta, wanda dama ciwon ya bar masa tsoron kowane abu da za a miƙo masa, ya yarda da ubansa. Ko ganin ƙwaya ya yi sai ya fice daga ɗakin.

Washegari Matar Dokta ta koma asibiti da sunan gaishe da mara lafiya. Ta tambayi mai ba da magani ko irin wannan ƙwaya tana dakuwa. Ya ce wannan tana yi, amma ba kowace ba, kada ta je ta gwada da wata. Ta karɓo wasu ƙwayoyin, ta dawo ta ciro ƙaramin turmin da take daka kayan yaji, ta wanke shi tas. Kowane ƙunshi na Auta sai ta murƙushe ƙwaya ɗaya ta gauraya da garin saiwar Dokta, wadda ɗacinta zai iya ɓoye ko da kalanzir ne. Ta ɗaure nasa da jan zare don kada su haɗu da na sayarwa. Kowace safiya Dokta da hannunsa yake kwance ƙunshin, ya dama a ruwan ɗumi, ya yi addu'a, ya ba ɗansa. Ba a jima ba ya fara gaya wa mutane cewa jan zaren ma yana cikin sirrin, kakansa ne ya bar masa.

Likitar ba ta so wannan tsari ba, ta kuma faɗa mata. Ta ce Auta babba ne, haƙƙinsa ne ya san abin da yake sha, kuma ba za ta ci gaba da rubuta wa mutum magani ba ta gan shi ba. Matar Dokta ta ce a ranta, ke da ba a rantse miki da aurenki ba. Amma ta samo dabara. Ta ƙirƙiri ciwon gwiwa, duk wata sai Auta ya raka ta asibiti. Likitar takan tambaye ta gwiwa idonta na kan ɗan rakiya, ta tambaye shi barci, ta tambaye shi aiki, ta ce ya miƙo hannu ta gani ko gadon rawar jiki ne a gidansu. Auta yakan ce wannan likita akwai kirki, har ɗan rakiya take dubawa.

Haka Auta ya warke, ya yi ƙiba, ya koma sana'arsa. Dokta ya kafa masa tebur a ƙofar shagonsa, inda duk mai wucewa zai gan shi. Ya sa aka yi allo babba mai hoto biyu. A hagu Auta ne a ɗaure, gashi a cukurkuɗe, hoton da Dokta ya ɗauka da kansa tun lokacin, saboda shi mutum ne mai hangen nesa. A dama Auta ne cikin wankakkiyar riga riƙe da rediyo. Ranar da Matar Dokta ta fara ganin allon, ta dawo gida ta daka sassaƙe har taɓaryar ta tsage.

Jama'a suka fara zuwa. Aka sa benci, aka ƙara wani. Dokta ya daina maganin basir, ya ce ya wuce nan. Ya kuma shigo da wani tsari wanda shi ne alfaharinsa. A kan kanta ya ajiye wata ƙatuwar kwalba irin ta masu sayar da alewa. Duk wanda aka kawo, sai ya fara ɓare ƙwayoyin asibitinsa ya zuba a ciki da hannunsa, a gaban kowa, kafin a ba shi ƙunshin farko. Dokta ya ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Fari da ja da ruwan ɗorawa suka riƙa taruwa, kwalbar ta yi kyau ƙwarai, har yara kan tsaya suna kallo.

Cikin waɗanda aka kawo akwai wani malamin makaranta da ke bayan layinsu. Ya daɗe yana shan maganin asibiti, yana koyarwarsa lafiya, abin da ya dame shi kawai nauyin jiki da rawar hannu idan yana rubutu a allo. Matarsa ce ta ja shi ta kawo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon Auta, sannan ya zuba nasa a kwalba. Matar Dokta, wadda ta kawo ƙunshin ranar, ta san abin da ke cikin wanda aka ba shi, saiwa ce da ganye, ba ƙari. Ta bi matar har gida, ta ce mata don Allah su koma asibiti, su riƙa haɗawa idan sun ga dama. Matar malam ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke naki ya warke, shi ne kike yi wa namu baƙin ciki?"

Kafin damina ta fita, malamin yana bakin bola ba takalmi, yana rubuta darasi da gawayi a jikin katangar wani, yana tsawata wa awaki su yi shiru. Daga baya ba a ƙara ganinsa ba. Bai dawo da ƙorafi ba.

Tun daga nan abinci ya daina yi mata daɗi. Tana fushi da Dokta, tana fushi da matar malam, tana fushi da likitar da ta faɗi gaskiya ta kuma koma kan kujerarta, tana fushi da masu zama a benci da suke ganin farar riga su manta da hankalinsu a gida. Ta fi fushi da ƙaramin turmin, domin ta san shi ne ya cika kwalbar nan. Amma idan ta tuna ginshiƙin ɗakin baya, sai ta sake murƙushe ƙwaya ta ɗaure da jan zare.

Nasara ce ta ɓata komai. Ciniki ya yi yawa har hannu ɗaya ya kasa, sai Dokta ya sayi injin niƙa da na liƙe leda, ya kafa su a shago. Ya tara 'ya'yansa mata ya sanar da cewa ya yi wa uwarsu kyautar hutu, daga yau ba ita ba taɓarya, domin mace mai ciwon gwiwa bai kamata ta yini a tsaye ba. 'Ya'yan suka yi ta sa masa albarka. Ta ce a bar mata na Auta kawai, hannunta ya saba. Ya ce ai na Auta ne ma zai fara niƙawa, jan zaren kuma zai ɗaura a bakin leda.

Ta gwada zuba ƙwayar a shayi, Auta ya kurɓa ya ce sukarin ya lalace, ya zubar. Ta gwada abincin rana, ta manta cewa kwano ɗaya suke ci da ubansa a shago, kuma Dokta ba ya wasa da loma. Ranar ya yi barci a kan benci da farar rigarsa tun azahar har aka rufe kasuwa, ya farka ya ce abokan sana'a sun sake jifa, Allah ya tsare. Ba ta ƙara gwadawa ba. Ta ce wa Auta gwiwa ta tashi, ya raka ta, da nufin a faɗa masa komai a gaban likita. Dokta ya ce akwai layi, Auta ba ya barin tebur, ta hau babur.

Ta ga alamun tun kafin kowa. Ya daina cin abinci sai ya shinshina. Idanunsa suka faɗa. Ta ga ya juya madubin ɗakinsa ya fuskanci bango. Da safe ta gaya wa Dokta cewa yaron nan ciwonsa na dawowa, ya ce bakinta ya sari ɗanyen kashi. Ranar da wani ya kawo gyaran rediyo Auta ya kara shi a kunne ya ce wa mai shi ya san wanda ya aiko shi, Dokta ya ja shi cikin shago da murmushi, ya gaya wa masu jira cewa gajiya ce. Ba a jima ba Dokta ya dawo gida, ta ji shi a ɗakin baya yana jan buhuna. Ta san ƙarar abin da yake nema. Ya fito da sarƙar a cikin jaka, ya ce kwana kaɗan ne, a bayan shago, ba wanda zai sani.

Ta aika wa ƙaninta, ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙaramin turmin da sauran ƙwayoyin da ke ƙasan akwatinta, ta bi bayansa.

Benci biyun a cike suke, rana tsaka. Ta wuce su ta dire turmin a kan kanta kusa da kwalbar, ta zube ƙwayoyin a gefensa. Ba ta ɗaga murya ba, domin fushin da ya daɗe ba ya bukatar ihu. Ta ce wa jama'a su dubi hoton dama da kyau. Ta gaya musu wanda ya yanke sarƙa, da inda aka kai shi, da abin da ke cikin ƙunshi mai jan zare tun ranar farko. Ta ce gwiwarta lafiyarta ƙalau, ko yanzu za ta iya tsere da kowa a nan. Ta ce saiwar mijinta tana maganin kumburin ciki, wannan ta shaida, amma duk mai ɗan'uwa a nan ya ɗauke shi ya koma inda ya fito, tun bai bi malamin makaranta ba. Sannan ta juya ga mijinta.

"Dokta, wannan ƙarfen idan ya sake taɓa ƙafar ɗana, kai zan daka."

Dokta ya dube ta, ya dubi turmin, ya gyara biro ukun da ke aljihunsa. Fuskarsa ta cika da tausayi. Ya juya ga masu jira ya ce, cikin sanyin murya, "Kun ga abin da nake gaya muku. Sun kasa ni, sun kasa ɗana, yanzu sun koma kan uwarsa. Ku lura da idonta." Mutane suka lura da idonta. Ya yi ja kuwa. Wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce Allah sarki, ga shi a gidan magani. Wani ya matsa ya ba ta wuri a benci.

Mace ɗaya ce ta tashi, wadda ta kawo ƙanwarta da safen nan. Ta je gaban kwalbar ta ce a ba ta nasu. Dokta ya ce bismillah, ta ɗiba. Ta leƙa, ta ga farare sun fi a ƙirga, kowanne kamar ɗan'uwansa, ba takarda ba suna. Ta koma ta zauna.

Direba ya iso a lokacin. Bai yi wa mijin yayarsa sallama ba, ya shiga bayan shago ya fito riƙe da hannun Auta, yana ce masa Innarka ce gwiwa ta tashi, zo ka raka mu. Auta ya bi shi. Ya ji duk abin da aka faɗa ta cikin labule. A mota, da suka kusa asibiti, ya ce wa uwarsa, ba tare da ya dube ta ba, "Inna, ashe muryoyin ba su yi ƙarya ba. Sun ce ana zuba min abu."

Wannan maganar ita ce ba ta samu wanda za ta yi wa fushinta ba.

Ya daɗe kafin ya dawo daidai, ya fi na farko daɗewa, ya kuma fi daɗewa kafin ya sake cin abin da ta dafa. Likitar ta zaunar da shi ta yi masa bayani da kanta, ba ta ce wa uwar ai na gaya miki ba, ta dai cire gilashinta ta goge. Yanzu yana zaune a gidan kawunsa, ya buɗe teburinsa a ɗaya gefen kasuwa. Shi yake zuwa karɓar maganinsa, shi yake ɓarewa, ya duba ta gaba da baya, ya haɗiye da ruwan da ya ɗebo da hannunsa. Yakan zo gaishe ta. Idan ta ba shi shayi yana sha, amma sai ta fara kurɓa.

Dokta bai sake ta ba. Ya ce rantsuwa ba ta hawa kan wanda ba ya cikin hayyacinsa, kuma ba halin dattijo ba ne ya kori mara lafiya. Yana ba ta ƙunshi kowace safiya, tana zubawa a gindin bishiyar tsakar gida, bishiyar kuwa ba ta yi ƙorafi ba. Idan aka tambaye shi Auta, sai ya ce ya warke har ya buɗe reshe. Allon yana nan, an ma sake masa fenti.

Kwalbar ta cika a watan jiya. Ya sayi ta biyu.